Inuwar Itacen Da Gumin Bawa Ya Raya

Tun muna makarantar firamare aka koya mana cewa shekarar Turawa kashi huɗu ce. Muka haddace sunayen, muka ci jarrabawa, ba tare da mun san abin da muke faɗi ba. Na uku daga cikinsu, wanda yake shigowa bayan ɗan zafinsu ya wuce, kafin sanyi ya kankama, shi ne masu fassara suka ara wa sunan kaka. Aron bai yi nisa da gaskiya ba, gama su ma a lokacin ne suke kammala girbi. Sai dai abin da yake ɗauke ido a kakarsu ba dami ba ne, ba kuwa rumbu ba, ganyen itatuwa ne. Ban fahimci haka ba sai da karatu ya kai ni birnin Leeds, a arewacin ƙasar Ingila, kuma daga yawon kallon wannan ganye ne na komo da wata tambaya wadda har yau ba ta bar ni na sake ba. Ita ce nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, ko wani ya fi ni ganin bakin zarenta.

Wata Asabar ce a tsakiyar watan Oktoba. Na roƙi wani abokina ɗan ajinmu ya raka ni wani tsohon gidan masu sarauta da ake kira Harewood, kamar mil 7 arewa da Leeds, a kan hanyar Harrogate. Shi wannan aboki nawa a Leeds aka haife shi, amma iyayensa daga tsibirin Barbados suka zo, can yankin Karibiyan. Da na ambaci sunan gidan sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce shekarunsa talatin da 'yan kai a garin, bai taɓa taka ƙofar wurin ba, amma tun da baƙo ne ya roƙa, to, mu je. Ni kuwa ban kawo kome a raina ba. Na ɗauka halin ɗan gari ne, wanda ba ya zuwa kallon abin da yake bayan gidansu.

Gani ya kori ji. Gidan kansa ƙaton gini ne na dutse, an aza harsashinsa a 1759 aka gama a 1771, amma ba ginin ne ya kai ni ba. A bayansa ta kudu akwai wani faffaɗan dandamali mai matakala, wanda aka ƙara a shekarun 1840, aikin Charles Barry, mutumin da ya zana ginin majalisar dokoki ta Landan. Idan ka tsaya a nan, sai ka ga ƙasa ta gangara a hankali, shimfiɗe da ciyawa kore shar, har ta kai ga wani tafki mai faɗin fiye da eka 30, sa'an nan ta sake hawa a ƙetare, inda kurmi ya rufe tudu. Kurmin nan kuwa a ranar sai ka ce an cinna masa wuta. Wani itacen ja wur kamar garwashi, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan goro, wani kuma ya ƙi bin sahu, yana nan da korensa. Duk wannan ya sake bayyana cikin ruwan tafkin a kife. Iska in ta ɗan kaɗa sai ganye ya yi ta zubowa ba ƙara, yara suna binsa da gudu suna cafewa. A sama kuma ga shirwa tana shawagi, irin mai jan jiki da tsagaggiyar wutsiya, wadda aka ƙarar da ita a Ingila tun tuni, aka sake sakinta a wannan fili a 1999.

Masana itatuwa sun ce ganye yana da wani sinadari kore wanda da shi yake haɗa abinci daga hasken rana. Idan yini ya fara gajarta, sanyi ya matso, sai itacen ya rushe sinadarin, ya janye abin da yake da amfani a ciki ya adana a jikinsa. Ruwan ɗorawan nan dama yana cikin ganyen tun farko, koren ne ya lulluɓe shi. Jan kuwa sabo ne, daga sukarin da ya taru a ganyen ake ƙera shi. Watau dai kyan da muka biya kuɗi muka zo gani, kyan ganye ne mai shirin faɗuwa. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na ji daɗi ƙwarai. Na sami wata natsuwa wadda rabona da ita tun ranar da na baro gida.

Abin da ya ƙara mini mamaki shi ne jin cewa kusan duk abin da nake gani hannu ne ya tsara shi. Tafkin nan ƙaramin rafi ne aka datse. Itatuwan nan da suke kamar sun fito don kansu, an auna inda kowane rukuni zai tsaya. Har wani tsohon gida mai suna Gawthorpe, wanda yake kan gangaren, an rushe shi bayan an gama sabon. Mai wannan aiki shi ne Lancelot Brown, wanda ya rayu daga 1716 zuwa 1783, aka yi masa laƙabi da "Capability" domin duk filin da aka nuna masa sai ya ce wa mai shi yana da halin gyaruwa. Ya tsara filayen manyan gidaje fiye da 170 a ƙasar, Harewood kuwa a shekarun 1770 ya yi aikinta. Gwanintarsa ita ce ya yi aiki, sa'an nan ya share sawun aikin. Alal misali, akwai wata dabara da shi da takwarorinsa suka shahara da ita, Turawa suna kiranta "ha-ha". Maimakon a ja shinge don kada tumaki da shanu su shigo kusa da gida, sai a haƙa dogon gwalalo a gina katanga a cikinsa, kanta daidai da ƙasa. Dabba ba ta iya hayewa, amma maigida in ya leƙo ta taga ba ya ganin iyaka ko ɗaya, sai fili har ƙarshen ganinsa. Kuma Brown ya san manyan itatuwan da yake dasawa sai sun yi shekara ɗari kafin su cika, watau shi da mai biyansa duka ba za su zauna a inuwarsu ba. Na tsaya ina ta yabo, ina cewa wannan shi ne mutum, mai shuka don jikokin da ba zai gani ba.

Abokina ya bari sai da na kai aya, sa'an nan ya ce, "Ɗan'uwa, ka gama? To, yanzu sai ka tambayi da kuɗin me aka biya shi."

Ga amsar, kamar yadda ya fara ba ni ita a bakin tafkin, na kuma bi ta cikin littattafai daga baya. Tushen arzikin gidan shi ne Henry Lascelles, wanda ya rasu a 1753. Ya tafi Barbados yana saurayi, ya zama mai karɓar kuɗin kwastan, ya yi fataucin sukari, ya ba masu gonakin rake rance da ruwa, ya kuma sa hannun jari a jiragen ruwa masu jigilar bayi. A shekarun 1730 yana cikin waɗanda suka girke jirage a gaɓar Anomabu, a ƙasar Gana ta yau, suka mai da su kurkuku a kan ruwa inda ake tara mutanen da aka saya kafin a ƙetare da su. Da ribar wannan ne ya sayi filin Harewood a ƙarshen waɗannan shekaru. Ɗansa Edwin, wanda a Barbados aka haife shi, shi ya gina gidan ya kuma kira Brown. Sa'an nan daga 1773 zuwa 1787, da masu gonaki suka kasa biyan bashi, sai iyalin suka yi ta karɓe gonakin, har suka mallaki fiye da eka 27,000 da bayi kusan 3,000 a Barbados da Jamaika da Girenada da Tobago. Mai karatu ya duba shekarun nan da kyau. Su ne shekarun da ake gyara tafkin, ake dasa itatuwan.

Noman rake kuwa a waɗannan tsibirai ba irin namu na fadama ba ne. Rake in an sare shi dole a matse shi nan da nan kafin ruwansa ya lalace, saboda haka a lokacin girbi injin matsa da tukwanen dafawa ba su tsayawa dare da rana. Injin yakan ja hannun wanda gyangyaɗi ya ɗauka. Shekaru da yawa masu mutuwa a gonakin sun fi waɗanda ake haifa, shi ya sa ake ta sayo sababbi daga Afirka. Da Birtaniya ta yi dokar soke bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya. Amma fa ba ga bayin ba, ga iyayengijinsu, saboda sun yi hasarar dukiya. Magajin gidan Harewood na lokacin ya karɓi fiye da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Su kuwa mutanen ba su sami ko anini ba, aka ma tilasta musu su ci gaba da aiki a gonakin da sunan koyon sana'a har 1838. Bashin da gwamnati ta ci don biyan diyyar sai a 2015 baitulmalin Birtaniya ya gama sauke ragowarsa. Abokina ya ce ke nan mahaifiyarsa, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya tana biyan haraji, ta taimaka wajen biyan waɗanda suka mallaki kakanninta.

To, ga tambayar. Mutumin da ya san wannan duka, ya dace ya tsaya a kan dandamalin nan ya ji daɗin abin da yake gani?

Amsa ta farko ba daga bakina ta fito ba. Wata tsohuwa Baturiya ce da take zaune a benci kusa da mu, da sandarta da ɗan butar shayinta, ta ji abin da muke faɗi. Ta ce, "Samari, ku gafarce ni da shiga maganarku. Itacen nan bai sayi kowa ba, bai sayar da kowa ba. Ni kowace kaka nake zuwa tun da maigidana ya rasu. Kakana a masaƙa ya ƙare rayuwarsa cikin Leeds, bai taɓa mallakar ko ɗaki ba. Me zan yi wa abin da ya wuce shekara ɗari biyu?" Na ce, "Iya, gaskiyarki." Kuma ba don ladabi kawai na faɗa ba, akwai gaskiya a maganarta. Laifi aikin mutum ne, a wuyan wanda ya aikata yake rataye. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Babu shari'ar kirki da za ta kama jika da laifin kakansa, balle ta kama baƙon da ya sayi tikiti. Har wa yau, sanin tarihi bai canza launin ganye ko ɗaya ba. Da na juya na ce wurin ya zama mummuna a idona, da ƙarya na yi, kuma ɗa'ar da sai mutum ya yi wa kansa ƙarya kafin ya cika ta, ina shakkarta. Ga kuma lebarorin Ingila da suka yi aikin da shebur da baro, da masu lambun da suka yi ta renon itatuwan tsara bayan tsara. Su ma guminsu yana wurin, ba su kuwa mallaki kowa ba.

Amma amsar abokina ta fi shiga jikina, domin bai ce wurin ba shi da kyau ba. Cewa ya yi kyan nan shi ne ainihin abin da aka saya. Ya ce in bi sarƙar in gani. Aikin bawa ya zama sukari, sukari ya zama kuɗi, kuɗi ya zama fili, fili ya zama abin kallo, abin kallo kuma ya zama natsuwar da nake ji a ƙirjina. Ba don a tara takardun kuɗi a akwati aka yi bulala a Barbados ba, an yi ne don wani ya tsaya daidai inda na tsaya ya ji daidai abin da na ji. Ni ne zoben ƙarshe na sarƙar. Ya ƙara da cewa lambun yana da wani aiki na biyu, watau wanki. Ɗan kasuwar da ake yi wa kallon sabon arziki, in ya sayi fili ya dasa kurmi, jikansa sai ya zama kamar tare da ƙasar aka halicce shi. Haka kuwa aka yi. Edwin ya sami sarauta a 1790, magajinsa ya hau matsayin da suke kira Earl a 1812, sa'an nan a 1922 wani daga zuriyar ya auri Gimbiya Mary, 'yar Sarki George na Biyar, wadda ta zauna a gidan har rasuwarta a 1965. Gonar rake ta ƙarshe da iyalin suke da ita a Barbados kuwa sai a 1975 aka sayar. Saboda haka zancen shekara ɗari biyu bai cika ba.

Nan ne na tuna da gwalalon Brown. Wannan fasaha tasa ta ɓoye iyaka, ta ɓoye hannun ma'aikaci, ta sa abin da aka ƙera ya yi kama da abin da aka tarar, ita ce dai fasahar da irin wannan dukiya take bukata. Ban ce Brown ya zauna ya ƙulla haka ba, domin ya yi wa masu arzikin gona da na banki irin aikin nan. Amma kaya ya dace da mai saye. Lambun an yi shi ne don kada ido ya ci karo da abin da zai sa shi tambaya.

Da na yi ta juya maganganun nan biyu, sai na ga kamar ba abu ɗaya suke jayayya a kai ba. Tsohuwa tana maganar laifi, abokina yana maganar bashi, mu kuwa a gida mun san bambancinsu sarai. Idan mutum ya rasu, ba wanda yake tara 'ya'yansa ya hukunta su a kan abin da ya aikata. Amma kafin a raba gado sai an yi cigiya, duk mai bin mamaci bashi ya fito, a biya shi daga cikin dukiyar, abin da ya rage shi ne na magada. Magajin da ya ce, "Ni ban ci bashin kowa ba," ya faɗi gaskiya, amma gaskiyarsa ba ta hana a cire bashin, domin ba shi ake bi ba, dukiyar ake bi. Wanda yake son ya kuɓuta sarai, sai ya bar gadon. Ba ya yiwuwa ya rungumi gona ya ce bashin da yake kanta na matattu ne. A Harewood an raba gado sau da yawa, ba a taɓa yin cigiyar ba.

Adalci ne in faɗi cewa magajin gidan na wannan zamani, David Lascelles, bai ɓoye kansa ba. An buɗe takardun gonakin ga masu bincike, suna ajiye a Jami'ar York. A 2007, shekara 200 da hana cinikin bayi a Birtaniya, an yi babban wasan kiɗa da rawa na 'yan Karibiyan a filin gidan. A 2023 aka rataya hoton David Harewood, baƙar fata ɗan wasan kwaikwayo, wanda kakanninsa bayi ne a gonakin iyalin, daga nan ma suka samo sunan da yake ɗauke da shi. A wannan shekarar kuma Lascelles yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta jikokin masu bayi, masu goyon bayan a yi gyara. Wannan ya fi shiru nesa ba kusa ba. Amma amsa bashi daban, biyansa daban. Kuma in an zo biya, nan ne lissafi yake cijewa. Wa za a ba? Nawa? Wanda ake bi ya mutu, mai bi ya mutu, jikokinsa sun warwatsu daga Bridgetown har Leeds. Ƙasashen Karibiyan sun fito da tsari mai sharaɗi 10 a 2014, wanda ya haɗa da neman gafara a hukumance da taimakon lafiya da ilmi da yafe basussuka. Ana iya gardama a kan kowane sharaɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tun da lissafin yana da wuya, to, babu bashin. Wuyar gano magadan mai bi ba ta taɓa mai da kuɗinsa na wanda ake bi ba.

Wannan duk na magada ne. Ni fa, mai tikiti? Ban gaji ko taki ɗaya na filin ba. Amma na ci, ko da da ido ne, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ƙaurace wa wurin ban ga abin da yake gyarawa ba. Abokina ya yi shekara talatin yana ƙauracewa, itatuwan ba su fasa zubar da ganye ba, illa dai ya bar inuwar ga kowa ban da jikan waɗanda suka fara biyan kuɗinta. Da farko na gaya wa kaina cewa askin da yake kaina shi ne in ƙi mantuwar da lambun yake kira na gare ta, in dubi tafkin in kuma ga jiragen Anomabu. Na ji daɗin wannan amsa, kuma jin daɗin ne ya sa na fara zarginta. Akwai wani irin baƙin ciki mai zaƙi, wanda mai ilmi yake yaryaɗawa a kan annashuwarsa kamar man shanu a kan tuwo. Ya karanta allon bayani, ya girgiza kai, ya ja dogon numfashi, sa'an nan ya wuce ɗakin shan shayi yana jin ya fi sauran masu kallo zurfin tunani. Wannan bai biya kome ba, riba biyu ya ci. Idan tunawata ba ta taɓa aljihuna ko bakina ko halina ba, to, ita ma ta zama ɗaya daga cikin kayan ƙawar lambun.

Ina cikin wannan bayani ne, har na fara ɗaga murya a kan Turawa da halinsu, sai abokina ya ce, "Ɗan'uwa, ku fa? Wa ya kai mutanen bakin teku?" Bai faɗa da zafi ba, amma sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Gaskiya ne an sayar da mu. Hausawa da yawa sun ƙare a Bahiya ta ƙasar Barazil, har suka yi tawaye a can a 1809 da 1814. Amma mu ma mun saya, mun sayar, mun kuma ajiye. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da suke Daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Su ma sarakunanmu suna da gidajen hutawa a bayan gari, kewaye da gandaye. Fanisau, arewa da Kano, inda Clapperton ya sami Sarki Ibrahim Dabo a 1824, gari ne da bayi suka noma gonakinsa, har Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan haka a 2011. Muna zuwa kallon Hawan Fanisau da Sallah, mu yaba dawaki da kayan ado, kamar yadda na yaba kurmin Harewood. Dokar Lugga ta 1901 'ya'yan da za a haifa daga baya kawai ta 'yanta, bautar kanta kuwa sai a 1936 aka soke ta a dokar Arewa. Na san za a ce tamu ba irin tasu ba ce, ga murgu da fansar kai, ga cucanawa da suka zama 'yan gida, ga bayin sarki da suka riƙe manyan muƙamai. Bambancin yana nan, ban musa ba. Amma bambanci ne da ya fi sanyaya zuciyar mai karatu a kan ta yarinyar da aka kamo daga garinsu aka ɗaura mata igiya. Kuma su a Harewood ko ba kome sun buɗe takardu. Mu allo nawa muka kafa? Abin da ya rage mana shi ne raɗa a lokacin neman aure, sa'ad da tsofaffi suke binciken asali, a fasa magana ba a gaya wa yaro dalili ba.

Muna da wata gona a garinmu, gadon kakanni, da manyan tsamiyoyi uku a tsakiyarta. A inuwarsu na yi wasan ƙuruciya, a nan ake ajiye mana fura in ana huɗa. Sunan gonar Rinji. Na girma ina faɗin sunan kamar yadda ake faɗin kowane suna, kuma na san ma'anar kalmar, watau ƙauyen da bayi suke zaune suna noma wa ubangijinsu, har na taɓa rubuta ta a takardar jarrabawa. Amma ban taɓa haɗa kalmar da gonar ba sai a bakin tafkin nan, nisan dubban mil daga gida. Akwai wasu gidaje biyu a gefen garin waɗanda duk shekara mutanensu suke zuwa gaishe da baffana da Sallah, su durƙusa, ko da wasunsu sun girme shi. Wa ya dasa tsamiyoyin? Babu ha-ha a gonarmu, amma shekara ashirin da wani abu ina duban iyakar ban gan ta ba.

Rana tana faɗuwa da wuri a can a watan Oktoba. Kafin ƙarfe shida haske ya yi ja, sanyi ya fara cizon kunne, tsohuwa ta tattara butarta ta yi mana sallama. Wani ma'aikaci yana tara ganyen da ya zuba a kan hanya yana lodawa a baro. Muka kama hanyar fita ta ƙarƙashin wani ƙaton itace irin wanda suke kira ok, 'ya'yansa sun zuba ko'ina, muna takawa suna fashewa. Na tambayi abokina ko ya yi nadamar zuwa. Ya ce bai sani ba tukuna. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne wurin ya fi kyau a kan yadda ya so ya kasance.

Sa'an nan ya sunkuya ya zaɓi ƙwaya ɗaya mai lafiya, ya goge ta a jikin rigarsa, ya sa a aljihu. Ya ce mahaifiyarsa tana da ɗan fili a bayan gida, za ta so ta gwada dasawa. Na ce, "Ka san fa sai ya shekara ɗari." Ya ce ya sani. Muka ji ƙarar bas daga bakin titi, muka ruga don kada ta wuce mu.